Maganin Ƙarama a Cikin Babba

Shafi na 17

Masu cewa na bar ku a bakin ƙofa da yarinya a kafaɗa, ku matso, ga ni na dawo. Ke kuma mai turo min saƙo kullum cewa in sa mota ta buge Mai Walda, ki bari ki ji na yau tukuna. Mai yiwuwa ki sauya wanda za a buge.

Ranar Alhamis ce, da hantsi. Ni na kira Maman Biyu a waya ta baro gidan burodin da take aiki, ta shigo da gari har gwiwar hannu. Aron ashana na shiga yi ɗakinsu. To, ba ashana ba ce, ina da kwali biyu. Shirun ɗakin ne ya yi min yawa, ni kuwa kun san ni da shiru ba ma zama inuwa ɗaya, shi ya sa duk layinmu Gwaggo Rediyo suke ce min.

Na tarar da Ƙarama, ɗaya daga tagwayen, 'yar shekara uku, a kwance ƙarƙashin bargo biyu. Taga a rufe, ɗaki ya ɗauki warin man zafi, ga kwanon ruwan ɗumi da aka yi mata sirace da shi ya huce a gefe. Inna, kakarsu, uwar Mai Walda, ƙawata ta shekara arba'in, tana zaune bakin gado tana ce min in yi a hankali, barci ya ɗauke ta.

Na ɗaga rigar yarinyar. Duk in ta ja numfashi sai ƙasan haƙarƙarinta ya lotsa ciki kamar an danna da yatsa. Hancin na buɗewa yana rufewa. Na kai mata ruwa baki, ya zubo ta gefe.

Wannan ɗin ne kuwa aka ce musu kar su jira. Tun ranar Lahadi da aka kai ta ƙaramin asibitin bayan kasuwa aka ce nimoniya ce, wato ciwon huhu, amma wadda za a iya jinya a gida. Aka ba su kwalbar magani mai zaƙi, cokali sau uku a rana, kwana biyar, ko ta ji sauƙi kar a tsaya. Aka ce in sun ga haƙarƙari na lotsawa, ko ta kasa shan ruwa, su ɗauko ta ko da tukunya ce a kan wuta.

Mai Walda, uban yaran, ya zo da motar maƙwabcinsa, tabarau na walda har yanzu a goshinsa. Ya ce Inna ta zauna a gida, ta ce ko a bayan mota za a ɗaure ta sai ta je. Ta riƙe hannuna kamar yadda ta saba, wai ciwon gwiwa. Babba, ɗayar tagwayen, ba wanda za a bar wa, aka jefa ta cinyata. Haka muka tafi mu shida, ɗan gurnanin Ƙarama na fita ƙasa-ƙasa a kafaɗar uwarta.

A asibiti ba su tsaya tambayar kati ba. Wata nas mai ƙiba ta kalli ƙirjin yarinyar sau ɗaya ta karɓe ta daga hannun uwar, ta wuce da ita ɗakin yara. Ta ɗaga agogon da ke maƙale a rigarta tana ƙirga numfashi, leɓenta na motsi. Ta maƙala wani abu kamar matsin shanya a babban yatsan ƙafar yarinyar, wata lamba ta fito a jikin wani ɗan akwati. Ban san lambar da ake so ba, amma na ga fuskar nas ɗin, na san ba wannan ba ce. Nan da nan aka jawo tukunyar oksijin mai tsayin mutum, aka zura wa Ƙarama robobi biyu a hanci. Ko hannu ba ta ɗaga ta cire ba. Yarinyar da in za a goge mata majina sai mutum biyu sun riƙe.

Likitar mace ce, siririya, da a hanya na gan ta sai in aike ta sayen gishiri. Amma da ta ɗora abin sauraro a bayan yarinyar ta rufe ido, duk muka kama kanmu. Ta sa aka nemo jijiya a bayan hannu, aka yi allurar farko, aka tura ta hoton ƙirji aka dawo da ita. Sannan ta ja kujera ta zauna gabanmu, ta ce a ba ta kwalbar maganin.

Maman Biyu ta ciro daga jaka. Likita ta ɗaga kwalbar wajen hasken taga, ta karkata ta, ta lissafa kwanaki da yatsa. Ta ce maganin ya sauka daidai inda ya kamata ya sauka.

Mai Walda ya sauke ajiyar zuciya, a zatonsa yabo ne.

Likita ta ce abin da ya dame ta ke nan. Ta yi mana bayani a hankali, yadda har ni na gane. Idan yarinya ta sha maganin nan yadda aka ce tun Lahadi kuma ta koma haka, to ko dai ƙwayar cutar ba ta jin irin wannan magani, ko akwai wani abu da ya taru a bayan huhun da hoton nasu bai nuna sosai ba. In haka ne, ba ta da kayan aikin a nan. Dole ta tura su babban asibiti, tafiyar awa biyu, da ƙaramar tukunyar oksijin ta cikin mota. Ta ce ba ta son hanyar nan da irin wannan numfashin, ko kaɗan ba ta so, amma ba za ta riƙe yarinya a inda ba za ta iya taimakonta ba.

Idan kuma maganin bai shiga cikinta yadda ya kamata ba, ta ce, wannan wata magana ce daban. Sai ta riƙe ta a nan, allura da oksijin, ba inda za a motsa da ita.

"Don haka ku faɗa min gaskiya," in ji ta. "Ba faɗa zan yi ba. Ta sha, ko ba ta sha ba?"

Mai Walda ya juya kan matarsa. Ban maimaita muku duk abin da ya ce ba, akwai yara a shafin nan. Ya ce tun Lahadi ya ce ta ajiye burodin nan na mako guda ta ƙi. Ya ce ta fita tun asuba, ta dawo a gajiye, wa ya sani ko rabin maganin a ƙasa yake ƙarewa. Maman Biyu ta ce na yamma kaɗai ne a hannunta, kuma ba ta taɓa tsallakewa ba. Ta ce da kokawa take ba ta, ta matse ta tsakanin cinyoyinta ta toshe mata hanci, ga shatin haƙorin yarinyar nan a yatsanta in yana son shaida. Na safe da na rana kuma Inna ce ke bayarwa.

Inna ta gyara zama. Ta ce ita ba ta taɓa fashi ba, safe da rana, cokali cike. Ta ce ita a hannunta ba wata kokawa, yarinya lafiya lau take shanyewa, har cokalin take lashewa.

Maman Biyu ta ɗago kai.

"Lashewa, Inna?"

"Lashewa. Ai ku yaran yanzu ba ku iya lallashi ba ne."

"Ƙarama ce ke lashe cokali?"

Mai Walda ya ce mata ta iya bakinta. Ya tambaye ta ko ƙarya take so ta ce uwarsa na yi, a gaban mutane, matar da ta raini yaran nan tun suna tsumma ita tana can tana murza ƙullu.  Na ga goshin Maman Biyu ya tattare, kamar mai neman abin da ta ajiye ta manta wurin.

Likita ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta miƙe ta ce wa nas a kira direban motar asibiti, a duba ƙaramar tukunya ko cike take, ita za ta rubuta takardar tura su.

Ni kuwa a kan bencin da muke zaune, zanina ya jiƙe da gumi.

Ku da kuka biyo ni tun farko kun san abin da ke cikina. Sababbin zuwa, ku kawo kunne. Inna ba ciwon gwiwa take ba. Gwiwarta ta fi tawa lafiya. Ido ne. Shekara guda ke nan wani farin abu yana rufe mata gani, yanzu sai dai haske da duhu, da inuwar mutum in ya matso. Ba wanda ya sani a duniya sai ni. Ni ke zura mata zare a allura. Ni ke tsince mata shinkafa ina yi kamar hira ta kawo ni. In baƙo ya shigo ni nake fara kiran sunansa da ƙarfi don ta san wa za ta gaisar. Sau ɗaya da ba na kusa ta yi wa zanin da ke kan igiya sannu da zuwa, har ta tambaye shi mutan gida, na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Ni da ba a taɓa ba ni magana ta kwana a cikina ba, wannan ɗaya na riƙe shekara guda. Ina ma alfahari da hakan.

To, ranar Talata da rana na leƙa ɗakinsu. Inna na zaune da kwalba da cokali, ta sa ɗan yatsa a bakin cokalin don ta ji in ya cika. Ta ce, Ƙarama zo ki sha. Yaran nan kuwa kamar an tsaga kara, muryar ma ɗaya, ga su duk da mura da tari. Sai na ga Babba ta taho da gudu ta wangale baki. Ƙarama na bayan ƙofa ta maƙale, ta rufe bakinta da hannu biyu, tana leƙe.

Na yi dariya. Allah ya sani dariya na yi. Na ce, Inna, kin shayar da mai lafiya, marar lafiyar ga ta can tana kallonki. Inna ta firgita, cokali ya faɗi. Ta riƙe min zani ta ce kar in faɗa, yau kaɗai ne, daga yanzu za ta riƙa tambaya kafin ta ba da. Ta sa na rantse. Na kamo Ƙarama muka ɗura mata nata, na koma ɗakina ina ta dariyar wayon Babba. Laraba na tafi dubiyar wata 'yar'uwata tun safe, ban dawo ba sai yamma. Ban sake tambaya ba.

Yanzu ga kwalba ta sauka daidai, ga yarinya da roba a hanci.

Na ce wa Inna ta taso in raka ta bayi. Ta ce ba ta ji. Na matse mata hannu na ce tana ji. Na ja ta muka fita, muka wuce ɗakin haihuwa, muka tsaya a wani lungu inda ake jingine tsintsiya da bokiti.

Na ce mata ta ji abin da likita ta ce. Ta ce ta ji, ai kunnenta lafiya lau. Na tambaye ta Laraba wa ta ba. Ta ce Ƙarama. Na ce ta yaya ta sani. Ta ce ta tambaya, ta riƙe hannun yarinya ta ce wace ce, yarinya ta ce Ƙarama ce.

"Kuma ta lashe cokali," na ce.

Na ƙara matsawa kusa da ita.

"Litinin fa? Da safiyar yau fa?"

Ta juya fuskarta wajen bango. Ta ce yau ba ta ba kowa ba, ta ji yarinyar na barci. Sai kuma ta ce, ai babban asibitin ma ya fi, can ne manyan likitoci suke, a bar su su kai ta. Na ce ba ta ji an ce awa biyu ba ne, ba ta ji likita ta ce ba ta son hanyar ba. Ta ce likitoci haka suke, komai sai sun tsorata mutum.

Na ce, Inna, ke ma ba ki yarda da abin da kike faɗa ba.

Nan ta riƙe ni da hannu biyu.  Ta ce na san ɗanta. In ya ji, gobe-gobe zai kwashe ta ya kai ta gidan 'yarta, don can akwai masu hidima, yaran kuma a kai su gidan raino. Ta ce a gidan nan ta san taku bakwai ne daga gadonta zuwa ƙofa, goma sha biyu zuwa famfo, ta san inda siminti ya fashe. A can kuwa sai an riƙe mata hannu ko bayi za ta, jikoki na ƙyaƙyata mata dariya. Ta ce yaran nan biyu su ne aikinta, in aka raba ta da su me ya rage, sai a jingine ta kamar tsintsiyar nan. Ban san yadda ta san da tsintsiya a wurin ba, ina jin ƙafarta ce ta taɓa.

"Kin rantse min," ta ce. "Shekara arba'in ban taɓa roƙonki komai ba."

Wannan ƙarya ce, ko makon jiya ta roƙe ni sabulu. Amma ba lokacin faɗar haka ba ne.

Na ce ta faɗa da bakinta, ya fi sauƙi. Na ce zan tsaya kusa da ita. Ta ce in ba ta zuwa gobe, in an kai yarinya can an kwantar, ita da kanta za ta kira ɗanta gefe. Na ce goben wa. Ta saki hannuna ta ce in mayar da ita, ta gaji da tsayuwa.

Da muka koma an riga an turo gadon nan mai taya. Direban motar na tsaye bakin ƙofa yana kaɗa makulli a yatsa, ana jin ƙarar injin daga waje. Nas na cire robar daga babbar tukunya za ta mayar kan ƙaramar tukunya. A ɗan tsakanin nan, ƙiftawar ido biyu ko uku, na ga leɓen Ƙarama ya sauya launi, ya yi toka-toka. Lambar akwatin ta sauka, abin ya fara ƙara. Nas ta yi sauri ta haɗa, ta murɗa, lambar ta fara hawa a hankali kamar tsohuwa a matakala.

Maman Biyu na tsaye da takalmin yarinyar guda ɗaya a hannu, ta rasa inda za ta sa shi.

Na zaunar da Inna a benci. Na zare hannuna daga nata. Ta sake kamowa, na sake zarewa.

"Likita," na ce. "Yarinyar nan ba ta sha maganin ba."

Kowa ya juyo. Na ce na yamma kaɗai take samu. Na safe da na rana a cikin Babba suke. Na ce Inna ba ta gani, ta kai shekara, ba ta iya bambance su, in ta kira Ƙarama Babba ce ke zuwa. Na faɗe shi duka a numfashi ɗaya, don na san in na tsaya ba zan ci gaba ba.

Na yi zaton ɗakin zai tashi. Sai Mai Walda ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

Ya ce wa likita ta yi haƙuri, ba ta san ni ba ne. Ya ce wannan matar Rediyo ake ce mata, kuma ba don tana waƙa ba. Ya ce ni ce na shelanta mutuwar mai gyaran agogo, mutane suka taru gaisuwa, mutumin ya dawo daga tafiya da jakarsa ya tarar ana yi masa kuka. Ya ce ni ce na ɗora wa matar mai shago ciki wata uku, ashe ƙiba ce. Duk gaskiya ne, ban da bakin musu. Na agogon ma ni ba mutuwa na ce ba, cewa na yi an kwana biyu ba a gan shi ba, amma bar wannan.

Ya ce uwarsa da ke ɗinke masa maɓalli, take dafa musu abinci, ita ce makauniya. Ya juyo gare ni. Bai ɗaga murya ba, shi ya fi ba ni tsoro.

"Gwaggo, 'yata na kwance tana neman numfashi. Ki nemi wani wurin da labarinki."

Direba ya ce in za a tafi a tafi, rana na yi, kuma tukunyar ba ta jiran kowa.

Likita ta juyo. Ta dubi Inna ta tambaye ta ko gaskiya ne. Inna ta ɗaga kai, ta saita fuskarta daidai inda muryar ta fito, don ta ƙware a wannan. Ta ce idonta garau yake. Ta ce ni ce tsufa ya fara taɓa wa kai.

Shekara arba'in. To.

Maman Biyu ce ta motsa. Ta ajiye takalmin, ta ɗauki kwalbar daga kan tebur, ta durƙusa gaban Babba da ke maƙale a ƙafar ubanta.  Ta buɗe murfin kawai.

Babba ta saki wandon uban, ta matso, ta wangale baki har ana ganin ganɗarta.

Nas ta kau da kai. Mai Walda ya ce wannan ba hujja ba ce, wane yaro ne ba ya son zaƙi. Amma muryarsa ta sauka, kuma bai dubi matarsa ba.

Likita ta dubi agogo, ta dubi lambar akwatin, ta dubi takardar da ke hannunta. Ta ce ba za ta ɗora ran yarinya a kan ka-ce-na-ce ba, ko ta nan ko ta can. Ta ajiye takardar, ta tako ta tsaya nesa kaɗan da benci, kamar taku huɗu.

"Mama, ki gafarce ni. Yatsu nawa na ɗaga?"

Mai Walda ya fara cewa wannan wulaƙanci ne. Likita ta ce masa minti ɗaya kawai take nema.

Ina kallon Inna. Na san tana jiran in yi tari, ko in buga ƙafa, irin alamun da muka saba. Hannunta ya lallaɓo kan benci yana neman nawa. Na matsa.



Inna ta runtse ido kamar mai dubawa sosai. Ta gyara ɗankwalinta.

"Uku," ta ce.

Hannayen likita duka biyu a cikin aljihun rigarta suke. Ba ta ɗaga komai ba.

Mai Walda ya dubi aljihun, ya dubi uwarsa. Ya kai hannu gaban fuskarta ya kaɗa, sau ɗaya, sau biyu, a hankali, hannun nan nasa mai tabon wuta. Inna ta ji iskar, ta gane. Ta sunkuyar da kai. Ƙaton mutumin nan sai ya sulale ya zauna a ƙasan asibiti, a kan siminti, tabarau ɗin walda ya faɗo masa wuya.

Likita ta ce wa direba ya je ya kashe mota. Ta ce wa nas a mayar da yarinya kan babbar tukunya, a shirya allura ta gaba a kan lokacinta, a sa mata ƙarin ruwa tunda ba ta iya sha. Ta ce in Babba ta yi gudawa kwanakin nan kar a tsorata, maganin da ba nata ba ne. Maman Biyu ta tambaye ta ko Ƙarama za ta tashi. Likita ta ce ba za ta yi mata alƙawarin da ba ta riƙe da shi ba. Ta ce kwana uku cutar na samun fili, yanzu ne aka fara yaƙin da gaske, kuma daga nan zuwa gobe ne za a gane wanda ya riga wani.

Na yi zaton Maman Biyu kan surukarta za ta yi. Na ma fara shirya abin da zan ce in kare Inna, duk da ta ce kaina ya taɓu. Amma ko kallon bencin ba ta yi ba. Ta rufe kwalbar, ta murɗa murfin har ya ƙi juyawa. Ta ɗago ido ta sauke a kaina.

"Gwaggo, yaushe kika gani?"

Na ce ai ba wannan ne abin dubawa yanzu ba, a gode wa Allah da ba a hau hanya ba.

"Yaushe kika gani?"

 

"Talata," na ce.

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar mai lissafi.

"Ranar Talata," ta ce, "Ƙarama da ƙafarta ta taro ni a bakin ƙofa. Har jakata ta karɓa."

Ta ɗauki Babba ta ɗora a cinyar mijinta da ke zaune a ƙasa. Ta miƙe. Ta nufo ni.